Silifas a Kan Dakali

Talata, da hantsi

Kombo bai dawo ba tukuna. Na rubuta ne don maganar ta fita daga kaina, ba don wani abu ba.

A baki ba na kiran sunansa, Baban Riziki nake cewa, amma a nan Kombo zan rubuta, wa zai hana ni? Ranar Lahadi suka tashi a jirgin ruwa shi da abokin aikinsa Silima, da lodin kwakwa zuwa Kisiju, can ƙetare. Yadda suka saba, su kwana su juyo da sukari da siminti da gulmar mutanen Kisiju. Jiya da rana iskar kudu, kusi, ta taso da ƙarfi tun lokacinta bai yi ba. To, duk matuƙin da ya san aikinsa fakewa zai yi a wani lungu ya jira ta sauka. Kombo kuwa ya san aikinsa, ko da yake a gida hular da ke kansa yake nema.

Silifas ɗinsa suna kan dakali. Ba ya hawa jirginsa da takalmi, wai katako ba ya son roba. Sai ya tuɓe su a ƙarshen dakalin ƙofar gida ya gangara bakin ruwa haka nan. Da yake cikar ruwa ce ke ba shi lokacin shigowa, sau da yawa yakan iso ban tashi ba. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa don kada ya tashi baƙi, sai ya zura silifas ɗinsa ya wuce masallaci, daga can ya tsaya wurin mai gahawa. Tun muna sabon aure ya ce min, "Zuwena, kada ki gajiyar da idonki da kallon teku. Dakali za ki duba. In kin ga babu su, ɗora shayi."

Shuɗaye ne, na daman ya tsinke an ɗaure shi da koren zaren kamun kifi. Na yi mita har na gaji. Mai gidan baƙi guda yana yawo da wannan abin kunya! Ya ce su suka san ƙafarsa.

Gida cike yake, in dai ɗaki huɗu da tanti biyu ana kiransu cika. 'Yan jakar goyo duk suna kwance a lilo ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa. Nacho yana kan rufi yana zagin sola da yarensu. Ɗan Ajantina ne, kwana uku ya ce zai yi a tsibirin nan namu na Mafia, ga shi damina ta zo ta wuce a kansa. Yana gyara min wuta da famfo, ni kuma gado da abinci. Shi ya kafa kwandon nan a ɗaya gefen dakali, inda masu tafiya ke zuba abin da ya yi musu nauyi, rabin sabulu, littafi marar bango, riga, man shafawa na rana, masu zuwa kuma su ɗauki abin da suke so ba tambaya. Da farko na ce bola ya kawo min ƙofar gida. Yanzu tukunyar shayina ma daga ciki ta fito.

Laraba, bayan la'asar

Iska ba ta sauka ba. Jirgin fasinja na Nyamisati ma bai tashi ba, don haka Faransawan nan biyu da suka yi min ban kwana jiya, har da runguma da hoto, sun dawo da jakunkunansu suna murna. Mutanen nan ba abin da ke ɓata musu rai sai sauro da rashin sabis. Mutum ya baro ƙasarsu, ya ratsa duniya, don kawai ya wanke rigarsa guda ɗaya ya zauna yana jiran ta bushe. Faranti ɗaya na shinkafa da miyar kifi su ci su biyu, su ce wai ba sa jin yunwa, alhali ina ganin idonsu a kan tukunya. Sai in ƙara musu in ce ragowa ce, za ta lalace.

Wayar Kombo ba ta shiga. Ba abin mamaki ba ne, wayar nan ko a tsakar gida sai ta ga dama.

Surukata Bi Kidawa ta zo da sandarta. Ba ta shiga ba, ta zauna a tsakiyar dakali na kawo mata shayi.

"Zuwena, kin tace wannan kuwa? Ganye nake taunawa."

"Da waɗanne haƙoran, Mama?"

"Waɗanda suka rage sun ishe ni in cije ki."

Muka yi dariya. Ba ta tambaye ni komai ba. Da za ta tashi ta dubi ƙarshen dakalin, ta ce, "Har yanzu bai rabu da wannan tsumman ba?" Na ce ai sai ke za ki gaya masa, ni ba ya jin tawa.

Alhamis, bayan asuba

Suna nan.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

An yi sanarwa a lasifika, ina yanka albasa na ji. Jirage sun fita nema da ruwa ya cika. Wani ya samu mutanen Kisiju a waya. Sun ce an sauke kwakwa lafiya, an yi lodi, sun taso tun safiyar Litinin.

Da ma ban ji wannan ba. Na fi son in bar su a zaune a Kisiju suna cin soyayyen rogo, suna ƙarya a kan girman kifin da suka taɓa kamawa.

Nyokabi ta same ni a madafa. 'Yar Nairobi ce, ta ajiye aikin banki ta ɗauki jaka, kuma da yake harshenmu ɗaya tana jin abin da sauran baƙin ba sa ji.

"Mama Zu, in gaya wa sauran su rage hayaniya? Ko mu nemi wani wuri ki samu sarari?"

"Ku je ina? Kifin da na saya wa zai ci? Wannan fuskar kuma ta mece ce? Je ki ajiye ta a ɗaki ki zo ki goge min kwakwa."

Ta zauna ta goge, ta haɗa da yatsarta. 'Yar birni dai. Na ɗaure mata, ta riƙe hannuna ya ɗan daɗe, na ƙwace na ce miya za ta kama.

Ina jin tsoro. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Lahadi, da yamma

Da safe na share dakali, na zagaye su da tsintsiya yadda na saba. Da hantsi aka yi ruwa, ya taru a gurbin diddigensa. Na bar shi ya bushe da kansa.

Kusi ta sauka. Teku ta kwanta lumui, sai ka rantse ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Baƙi sun je wanka sun dawo jajaye, suna ba juna labarin kunkurun ruwa. Faransawan sun samu jirgi, wasu sun maye gurbinsu. Haka gidan nan yake, kafin ka riƙe sunan mutum ya ɗaga jaka.

Nacho ya naɗa kansa mai gadi. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya nuna masa banɗaki sai ya kai shi ƙarshen dakali, ya nuna da yatsa, ya ce da gurguwar maganarsa, "Wannan na kyaftin. Ba taɓawa. Ba matsarwa." Ni ban sa shi ba. Ban kuma hana shi ba.

Mun ci abinci a kan tabarma gaba ɗaya kamar kullum. Na lura Nacho ya ɓoye garayarsa tun ranar Juma'a.

"Ina abin kaɗe-kaɗen naka?"

"Ya gaji, Mama Zu."

"Kai ne ka gaji, malalaci. Ɗauko. Shekara guda kana damun kunnena da waƙa ɗaya, yau ne za ka ji kunya?"

Ya ɗauko ya kaɗa a hankali. Waƙar dai ita ce, wadda Kombo ke cewa kukan akuya ce da aka ɗaure a rana.

Talata, azahar

'Yan sandan ruwa sun zo daga Kilindoni. Sun sha shayi, sun yi tambayoyi, sun ce ana ƙoƙari. Na gode musu.

Riziki ta kira daga Tanga tana kuka, wai za ta taho. Na ce da wannan cikin naki haihuwa yau ko gobe za ki hau teku? Ki zauna inda kike. Babanki in ya ji kin hau jirgi a haka, ni zai yi wa faɗa. Na ce ina da wanki, na kashe.

Wankin gaskiya ne. Zanen gado shida da gidan sauro.

Laraba, bayan asuba

Suna nan. Kaza ta yi kashi kusa da su, na bi ta da tsintsiya har bayan gida kamar wadda ta yi min sata.

Alhamis, bayan la'asar

Masunta sun kawo wani abu daga wajen tsibirin Kwale. An ajiye shi a bakin ruwa, gari duk ya gangara.

Ban je ba. Ina da baƙi, kuma wake yana kan wuta.

Daga nan na ji muryar Mwajabu, matar Silima. Na rufe tagar madafa, muryar ta biyo ta rufi. Nyokabi ta je ta dawo, ta tsaya a ƙofa. Na ce kada ki gaya min. Ba ta gaya min ba. Sai da na juya zan ɗauki gishiri na ji bakina yana tambaya, "Fentin wane iri ne?"

"Ruwan ɗorawa, Mama, da layin ja a ƙasa."

Ni na zaɓi fentin nan. Ya ce jirgi zai zama kamar zanen biki, na ce in ka ɓata a hango ka daga nesa.

Katako ne kawai. Jirgi yakan zubar da katako ɗaya ya ci gaba da tafiya, na sha ji.

Waken ya ƙone.

Asabar, da hantsi

Shehe Faki, limaminmu, ya zo tare da Bi Kidawa. Mutumin kirki ne, ya zauna yana juya carbi yana neman inda zai fara. Ya ce gidan Silima sun nemi a yi addu'a, za a yi ranar Lahadi ta sama. Ya ce in na yarda a haɗa, tunda tare suka fita. Ya ce ba wanda zai tilasta min komai, kuma addu'a ba ta rufe ƙofar kowa.

Na ce, "Shehe, ka ga wani abu da idonka ban da katako?"

"Ban gani ba, 'yata."

"To ni ma ban gani ba. Ga takalmansa nan. Mutum yana tafiya ya bar takalmansa?"

Na san maganar banza ce tun kafin ta gama fita, kuma na ɗaga murya a gaban malami, abin da ban taɓa yi ba. Bi Kidawa ta sunkuyar da kai. Tana kallon ƙasa tana zana yashi da sandarta. Ta rame. Ita ma ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata, ina mantawa da wannan.

Da suka tafi na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Litinin, da yamma

Gidan ya juye yau. Nyokabi ta tafi, ta bar min lambarta da gyalenta, ta yi kuka, na ce ta yi sauri jirgi ba ya jiran masu kuka. Nacho ya bi jirgin zuwa ƙetare, takardar zamansa ta kusa ƙarewa, sai Alhamis zai dawo. Wasu 'yan Italiya uku ma sun tashi, sun zazzage rabin jakunkunansu. Kwando ya cika ya tumbatsa, suka jera sauran a kan dakali, tawul, tabarau na ninkaya, hula, kwalabe, har kusan ƙarshe. Na ce gobe zan gyara, yau bayana ciwo yake.

Sabon baƙo ɗaya ya sauka, Yoris, ɗan Holan. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar ɗaki. Ya iso da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, wai dutsen bakin ruwa ya tsinka shi yana saukowa. Yana ta dariya. Kalma uku ya iya a harshenmu, yana ta jefa min su ba kan gado. Ya tambayi kwandon, na nuna masa da hannu cewa na kowa ne, ya ɗauki abin da ya ga dama. Ya ci faranti biyu bai yi ƙaryar ƙoshi ba, ya burge ni.

Suna nan.

Talata, bayan asuba

Babu su! Babu su a dakali!

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Shayi yana kan wuta, na zuba citta da yawa yadda yake so. Ɗan banzan mutum, ko ƙwanƙwasawa, bayan duk wannan! Sai na ci mutuncinsa yau, wallahi sai na ci, bari dai ya sha shayin tukuna. Na ɗaura zanen da ya sayo min a Kisiju. Bari in gudu in gaya wa Mama.

Talata, azahar

Ba zan iya ba yau.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru sau ɗaya, a jere, don in daina maimaita shi a kaina.

Na ruga gidan Bi Kidawa ina kira tun daga hanya, "Mama, ya dawo! Ya ɗauki takalmansa!" Tsohuwar da ba ta kai rijiya sai da sanda ta fito ba sanda, ba takalmi, ta riga ni gaba. Maƙwabta suka ji. Duk garin nan ba wanda bai san maganar silifas ɗin Kombo ba, tsokanarmu ake yi da ita shekara da shekaru, don haka ba wanda ya tsaya tambaya. Mata suka fara guɗa. Mwajabu ta fito daga ɗakin da take zaune tun ranar Alhamis, mayafi a hannu, tana cewa, "Silima fa? Zuwena, Silima fa? Tare suke?" Na ce tare suke mana, ina zai bar shi!

Ni na faɗi haka da bakina.

Muka je masallaci, an watse. Muka je wurin mai gahawa, ya ce bai gan shi ba, amma ya ajiye butarsa ya biyo mu. Muka gangara bakin ruwa. Ruwa ya janye nesa, jiragen gari duk suna kwance a yashi, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya ina neman ruwan ɗorawa. Na sake bi.

Can sai ga mutum yana tahowa daga wajen duwatsu, dogo, yana ɗaukar hoton ƙaguwa. Yoris ne, ya hango taro ya ɗaga hannu yana murmushi, ya jefo mana gaisuwarsa guda. Diddigensa ya zarce silifas ɗin da ke ƙafarsa da kusan rabin taki. Koren zaren na fara gani.

Ban yi ihu ba. Na je na durƙusa a gabansa na kama ƙafarsa ta dama. Ya ɗaga min ita, sannan ya ɗaga ta hagu, yadda yaro ke yi in ana cire masa takalmi. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, bai san me ake ciki ba. A bayana Mwajabu ta zauna a yashi, ta yi wani sauti da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Mata suka ɗauke ta. Bi Kidawa kuwa tana tsaye, sai a lokacin aka ga jini, kwanson kawa ya yayyanke mata tafin ƙafa ba ta ma sani ba. Mai gahawa ne ya goya ta zuwa gida.

Na dawo na tarar shayin ya ƙafe a tukunya. Na mayar da su inda suke.

Alhamis, da hantsi

Nacho ya dawo, ya ji labari tun a jirgi. Ya shigo zai yi kan Yoris, na tare shi.

"Me ya yi maka? Ni na nuna masa kwandon. Ni na bar tarkace har ƙarshen dakali. Kwandon kuma na wa?"

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce zai ƙone kwandon. Na ce ka taɓa shi ka gani, tukunyar shayina daga ina ta fito?

Yoris bai ci abinci ba tun shekaranjiya. Yana zaune a bayan tanti, ƙafa ba takalmi, ya ƙi zuwa kanti ya sayi wasu. Nacho ya yi mana tafinta. Ya ce ya tashi da sassafe zai je kallon fitowar rana, ya gan su a jere da sauran kayan, ya ga sun fi komai tsufa, ya ce waɗannan kam ba mai nemansu. Ya ce zai bar gidan yau in ina so. Ƙaton mutum yana hawaye har da majina.

Na ce wa Nacho, "Gaya masa ban ce ya tafi ba. Gaya masa kuma a gidan nan ba a mayar min da abinci."

Ya ci. Ina so in ji haushinsa, na nema na rasa.

Da la'asar na je gidan Mwajabu. Na zauna a ƙofar ɗakinta na ce ki yafe min. Ta ce, "Ke ma ai kin yi gudun." Ta matsa min a tabarma.

Juma'a, da yamma

Na kai wa Bi Kidawa romon kifi. Ƙafafunta a naɗe da tsumma, tana kwance. Na wanke mata ciwon da ruwan gishiri, tana zagina a hankali.

Da na gama ta ce, "Zuwena."

"Na'am, Mama."

"Ɗauke su daga dakalin nan. Ba zan iya wannan gudun sau biyu ba."

Na ci gaba da matse tsumma.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi?" in ji ta. "Daga ƙofata zuwa bakin ruwa, ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiyar ba. Ko ranar da na haife shi. Ina gudu ina shirya zagin da zan yi masa."

"Ni ma, Mama. Har na zaɓi wanda zan fara da shi."

"Wanne?"

"Ɗan banza marar tausayi."

"Nawa ya fi naki," ta ce, amma ba ta faɗa ba.

A hanyar dawowa na tsaya gidan Shehe Faki. Na ba shi haƙurin ranar Asabar. Na ce a haɗa.

Lahadi, bayan la'asar

An yi addu'a. Mutane sun zo har daga Jibondo da Kilindoni. Baƙina suka yi abin da ban zata ba. Matan suka ari zannuwa suka rufe kai suka zauna wanke-wanke, Nacho da Yoris suka yi ta jigilar ruwa daga rijiya tun safe. Riziki ta saurara ta waya.

An kira sunansa da na Silima a jere. Na ji da kunnena, na ce amin.

Rigunansa na ba Shehe ya raba. Silifas ɗin na shigar da su ƙarƙashin gado, amma na tashi na leƙa su ya fi a ƙirga. Nan ma ba wurinsu ba ne. Ba su taɓa kwana a ɗaki ba.

Litinin, da hantsi

Yoris ya tafi. Ya fito da jakarsa a baya, har yanzu ƙafa ba komai, duk ta faffashe, wai a haka zai hau jirgi ya shiga mota har birnin Dar. Na ce ya tsaya. Na shiga ɗaki na fito na ajiye su a gabansa.

Ya ja da baya kamar na ajiye masa maciji.

"Nacho, gaya masa sadaka ce. In mutum ya riga mu, kayansa a jikin mai buƙata ake so a gan su, ladan ya je masa. Duk garin nan ba wanda zai iya sa waɗannan, kowa ya san su. Shi kuwa ya riga ya sa."

Nacho ya juya masa. Yoris ya yi wata magana a hankali.

"Ya ce ba su kai ƙafarsa ba, Mama Zu."

"Ƙafarsa ce ta yi yawa. Ya sa. In zaren ya tsinke ya ɗaura wani, kada ya yar. Kuma duk inda ya je ya ce na Kombo ne, matuƙin jirgi, mijin Zuwena."

Ya maimaita sunan sau biyu har ya kama shi daidai. Ya sa su. Na tsaya a ƙofa ina jin ƙarar su a kan hanya, fat, fat, ta daman tana ɗan ja. Na san wannan ƙarar fiye da muryar kowa. Na saurare ta har ta ɓace, ban bi shi bakin ruwa ba.

Sababbin baƙi biyu sun sauka da jirgin da ya ɗauke shi. Suna tambayar sabis.

Talata, bayan asuba

Na buɗe ƙofa, dakali babu komai. Na san dalili, ni na bayar da hannuna. Duk da haka zuciyata ta yi tsalle kafin hankalina ya kamo ta, kuma ina jin haka za ta riƙa yi min kowace safiya. Na yarda. Gara wannan da in buɗe ƙofa in gan su suna gaya min bai zo ba.

Ya ce in na ga babu su in ɗora shayi. Na ɗora, da citta da yawa, na zuba kofi biyu. Ina tsaye da su a hannu ban san inda zan kai ɗayan ba, sai na ji sanda a kan hanya. Bi Kidawa ce, tana taka ƙafafun nan nata a naɗe, a hankali a hankali. Ta wuce tsakiyar dakali inda ta saba zama, ta je can ƙarshe, daidai wurin, ta zauna. Ta miƙo hannu na ba ta kofinsa.

Ta kurɓa. Sau biyu na tace shayin nan.

"Ganye nake taunawa," in ji ta.

Na zauna kusa da ita, muka yi kukanmu a hankali don kada mu tashi baƙi.